Yadda ake karanta saƙon siyasa a jikin kuɗin azurfa na sarakunan Rum, mataki-mataki

Tambayar da masu karatu suka fi aikowa ita ce: ga tsohuwar tsabar azurfa ta Rumawa a hannu, ko ga hotonta a waya, kan mutum a gefe guda, wata mata riƙe da wani abu a ɗaya gefen, haruffa kuma a cunkushe babu tazara, ta ina ake farawa? Yawancin mutane da hoton baya suke farawa, domin shi ke ɗaukar ido, kuma nan ne kuskuren farko. Kalmar PAX, wato zaman lafiya, idan an buga ta a shekarar kwanciyar hankali abu ɗaya take nufi, idan kuma an buga ta ana tsakiyar yaƙin basasa wani abu ne daban. Saboda haka tsarin aikin shi ne awo tukuna, sai sarki, sai shekara, sannan hoto.

Jagorar ta shafi tsaba iri biyu: denariyus, daga Agustus a shekara ta 27 kafin Miladiyya zuwa wajen 240 Miladiyya, da antoniniyanus, wanda Karakala ya fito da shi a 215. Kada a haɗa denariyus da dinarin zinariya na daulolin Musulunci, suna kawai aka gada.

Kayan aiki da kuɗinsu

Sikelin lantarki mai nuna giram har 0.01, irin na masu sayar da gwal, wajen dala 10 zuwa 20. Gilashin ƙara girma mai ninki 10, dala 5 zuwa 15. Ma'aunin faɗi mai baki biyu irin na kanikawa, gara na roba don kada ya karce azurfar, shi ma bai wuce dala 10 zuwa 15 ba. Sai fitilar tebur ko tocila, ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi, faranti da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai laushi, da littafin rubutu.

Babban kundin da kowa ke komawa gare shi shi ne RIC (Roman Imperial Coinage), jerin kuɗin sarakunan Rum mai juzu'i goma, wanda aka fara fitarwa a 1923. Yana da tsada, kuma mai farawa ba ya bukatar sayensa, domin shafin intanet na OCRE (Online Coins of the Roman Empire) na Ƙungiyar Nazarin Kuɗaɗe ta Amurka ya ɗora nau'o'in da ke cikinsa kyauta, da hotuna daga gidajen tarihi. Wanda ba shi da tsaba ko ɗaya zai iya yin mataki na 2 zuwa na 7 da waɗannan hotunan.

1. Auna kafin ka karanta

Riƙe tsabar ta baki-baki da yatsu biyu, a kan farantin. Rubuta nauyi da faɗi. Denariyus yana tsakanin milimita 17 da 20. Na zamanin Agustus da Tiberiyus yakan kai giram 3.7 zuwa 3.9, azurfarsa kusan zalla. A shekara ta 64 Nero ya rage shi zuwa wajen 3.4 ya kuma ƙara masa jan ƙarfe. Zuwa zamanin Seftimiyus Seberus, daga 193 zuwa 211, azurfar ta koma kusan rabi, nauyin kuma wajen 3 zuwa 3.4. Antoniniyanus ya fi faɗi, milimita 21 zuwa 23, ya fara da wajen giram 5, kuma kafin 270 azurfar da ke cikinsa ta yi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari.

Wannan awon wani ɓangare ne na karatun saƙon. Antoniniyanus ana karɓarsa a matsayin denariyus biyu, alhali azurfarsa ta ɗaya da rabi ce. Idan ka ga hoton mata mai ma'auni, alamar adalci a awo, a jikin irin wannan tsaba, sai ka ajiye hoton da nauyin kusa da juna a littafinka.

Gargaɗi: kada ka jefa tsabar a kan siminti don jin ƙararta. Azurfar da ta yi ƙarnuka a ƙasa takan yi gautsi daga ciki, ta fashe gida biyu. Kada kuma ka kai wa maƙerin farfaru ya goga ta a dutse ko ya ɗiga mata ruwan gwaji, tabon ba ya fita.

2. Gano sarkin da ke fuska

Sa fitilar daga gefe, ƙasa-ƙasa, hasken ya kwanta a kan tsabar. Haruffan da suka goge inuwarsu ce za ta nuna su. Galibi rubutun yana farawa daga ƙasa ta hagu, wajen ƙarfe bakwai na agogo, ya zagaya zuwa dama. A wasu kuɗin Agustus, Tiberiyus da Bespasiyan rubutun baya-baya yake tafiya, yana farawa daga dama, ana karanta shi daga waje. Kwafi haruffan yadda suke, ka sa ɗigo a inda ba ka iya gani. Harafin V shi ne U, kuma huɗu galibi IIII ake rubuta ta.

Sai ka yanka rubutun gunduwa-gunduwa. IMP kwamandan da ya ci yaƙi. CAES ko CAESAR Kaisar, wanda daga baya ya zama laƙabin yarima mai jiran gado. AVG mai martaba, wato sarki mai ci, kuma idan ka ga AVGG da G biyu to sarakuna biyu ne ke mulki tare. P M shugaban limaman addininsu. P P uban ƙasa. DIVI F ɗan wanda majalisar dattawa ta ɗaga zuwa matsayin abin bauta bayan mutuwarsa. GERM, DAC, PARTH, ARM da BRIT laƙaban cin yaƙi ne a kan Jamusawa, Dashiya (yankin Romaniya ta yau), Fartiya (daular Iran ta wancan zamani), Armeniya da Birtaniya.

Gargaɗi: sunan ANTONINVS ya fi kowane suna ɓatar da masu koyo, domin sarakuna da dama sun ɗauke shi. ANTONINVS AVG PIVS P P da dattijo mai gemu shi ne Antoninus Piyus. M ANTONINVS AVG da gashi mai murɗe-murɗe da dogon gemu Markus Aureliyus ne. ANTONINVS PIVS AVG da yaro ko saurayi mai ɗaure fuska Karakala ne. IMP ANTONINVS PIVS AVG da matashi mai kumatu Elagabalus ne. Haka IVLIA AVGVSTA mai gashi kamar kwano mai layi-layi Juliya Domna ce lokacin da mijinta Seberus yake raye, idan kuma rubutun ya koma IVLIA PIA FELIX AVG to bayan 211 ne.

Kan ma yana magana. Kambun ganye na sarki mai ci ne. Kai babu komai yawanci yarima ne ko sarkin da ya mutu. Kambu mai tsinkaye kamar hasken rana a kan azurfa alamar antoniniyanus ce, ga matan sarki kuma jinjirin wata ake sawa ƙarƙashin kafaɗa. Gemu ya zama ado na sarauta ne daga Hadiriyan, a 117. Bespasiyan, wanda ya hau bayan yaƙin basasar 69, an zana shi da sanƙo da tamoji, tsohon soja wanda bai yi kama da Nero mai kitsen wuya da gyararren gashi ba, kuma da gangan aka yi hakan. Sai dai kada ka dogara da kamannin fuska kaɗai a kuɗin watannin farko na sarauta. Masu sassaƙa hatimi a Rum wani lokaci ba su taɓa ganin sabon sarkin ba, sai su ɗan gyara fuskar wanda ya gabata.

3. Fitar da shekara

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Rumawa ba su buga shekara a kuɗinsu ba, muƙaman sarki suke ƙirgawa.

TR P ikon wakilin talakawa ne, ana sabunta shi duk shekara, don haka lambar da ke biye da shi ita ce mafi amfani. Ga sarakuna uku da kuɗinsu ke da yawa a kasuwa, lissafin mai sauƙi ne. Markus Aureliyus: ƙara 146 a kan lambar, TR P XX ya zama 166. Seftimiyus Seberus: ƙara 192, TR P XVIII ya zama 210. Karakala: ƙara 197, TR P XVIII ya zama 215. A ƙarni na biyu ranar 10 ga Disamba aka fi sabunta wannan iko, saboda haka TR P XX na Markus ya fara ne daga ƙarshen 165.

COS muƙamin kansul ne, babban jami'in mulkin Rum da ake naɗawa duk shekara, shi kuma ba kowace shekara sarki ke karɓarsa ba. Ga Bespasiyan yana da amfani ƙwarai domin ya riƙa karɓa a kai a kai: COS III 71, COS IIII 72, COS V 74, COS VI 75, COS VII 76, COS VIII 77. Ga Tarajan COS V yana nufin 103 zuwa 111, COS VI kuma 112 zuwa 117. Idan ka ga DES bayan COS, an zaɓe shi ne bai shiga ofis ba tukuna, wato galibi shekarar da ta gabata.

Gargaɗi: COS III na Hadiriyan ba shekara ta uku ta mulkinsa ba ce. Ya karɓe shi a 119 bai sake karɓar wani ba har ya mutu a 138. Abin da zai taimake ka shi ne P P, wanda ya amince da shi a 128. Haka COS IIII na Antoninus Piyus ya tsaya daga 145 har 161. IMP mai lamba a ƙarshen rubutu shi ma ba shekara ba ne, yawan lokutan da sojoji suka yi wa sarki shelar nasara ne, ana iya samun uku a shekara guda, ana iya shekara biyar babu ko ɗaya.

Inda babu lamba, laƙabi zai rage maka tazara. Tarajan ya samu DAC a 102, OPTIMO ya shiga cikin sunansa a 114, PARTHICO a 116. Seberus bai ɗauki BRIT ba sai 210. Rubuta shekarar, ko tazarar shekarun, da manyan lambobi a saman shafi kafin ka juya tsabar.

4. Karanta hoton baya ta abin da ke hannu

Juya tsabar. Mafi yawan hotunan baya mutum ɗaya ne a tsaye ko a zaune, kuma fuskokinsu duk iri ɗaya ne. Abin da suke riƙe da shi ne sunansu. Duba hannun dama, sai na hagu, sai ƙasa wajen ƙafa, sai abin da ke kansu.

Mai fukafukai da kambu da reshen dabino Nasara ce, VICTORIA. Reshen zaitun PAX. Ma'auni mai faranti biyu AEQVITAS ko MONETA. Zangarniyar alkama da mudun awo, wani lokaci da goshin jirgin ruwa, ANNONA ce, alkawarin cewa hatsin Masar da Afirka zai iso birnin Rum. Katakon juya jirgi FORTVNA, kuma FORT RED addu'ar dawowar sarki lafiya daga tafiya ce. Mai ciyar da maciji daga tasa SALVS, lafiyar sarki ko ta ƙasa. Mai fure a hannu tana ɗage gefen riga SPES, fata, an fi sa ta a kuɗin yarima. Mai jingine da ginshiƙi ta harɗe ƙafa SECVRITAS. Mai nuna dunƙulen duniya da sanda PROVIDENTIA, tanadin sarki, sau da yawa game da wanda zai gaje shi. Mai tutocin soja FIDES, amanar runduna. Mai riƙe da ƙaramar hula mai tsini LIBERTAS, hular da ake sa wa bawan da aka 'yanta. Mai riƙe da allo mai ramuka LIBERALITAS, kuma lambar da ke biye da sunanta tana ƙirga rabon kuɗin da sarki ya yi wa mutanen birni. Antoninus Piyus ya kai na tara.

Gargaɗi: ƙaho mai cike da 'ya'yan itace ba ya gano kowa. Kusan rabin matan nan suna rungume da shi a hannun hagu. Hannun dama za ka duba. Masu koyo kan kuma rikita hular LIBERTAS da jakar kuɗi, ko allon LIBERALITAS da madubi, musamman a tsabar da ta goge.

Allolinsu su ma haka: Jufita da tsawa a hannu, Mas da mashi da ganimar yaƙi a kafaɗa, Minaba da kwalkwali da garkuwa, wadda ta cika kusan dukan denariyus na Domishiyan. Gaggafa ko tulin itacen ƙona gawa mai hawa-hawa da kalmar CONSECRATIO yana nufin wanda ke fuska ya mutu, magajinsa ne ya buga kuɗin. Ga mata ɗawisu ake yawan sawa. A irin wannan tsaba mai saƙon ba shi ne mai hoton ba: ɗan ne yake cewa shi ɗan abin bauta ne.

Duba kuma ƙarƙashin layin da hoton ke tsaye a kai, da filin hagu da dama. A can ake ɓoye gajerun kalmomi masu nauyi, kamar DAC CAP ko ALIM ITAL, shirin Tarajan na ciyar da yaran Italiya. S C kuwa, da yardar majalisa, na kuɗin tagulla ne, ba kasafai yake fitowa a azurfa ba.

5. Ɗora saƙon a kan abin da ya faru a shekarar

Yanzu kana da suna, shekara da hoto. Nemo tarihin wannan sarki ka karanta abin da ya faru a shekarar da kuma wadda ta gabace ta. Tambayoyi uku za ka yi: wa ake yi wa magana, me ake so ya yarda da shi, me aka yi shiru a kai.

Rubutun baya kirari ne, kuma kirari yana iya zama gaskiya, yana iya zama fata, yana iya zama rufin asiri. Wa ake wa shi? Da azurfa ake biyan soja, denariyus 225 a shekara ga sojan runduna zamanin Agustus, 300 daga zamanin Domishiyan, don haka soja na cikin na farko da sabuwar tsaba ke shiga hannunsa. Shi ya sa Seberus, da ya ƙwaci mulki a 193, ya buga jerin kuɗi ɗauke da sunayen rundunonin da suka mara masa baya, kamar LEG XIIII GEM M V, da gaggafa tsakanin tutoci biyu.

Wasu saƙonnin sanarwar abin da ya faru ne. Kada da AEGVPTO CAPTA a shekara ta 28 kafin Miladiyya cin Masar ne. Mata zaune cikin baƙin ciki ƙarƙashin ganimar yaƙi da IVDAEA a kuɗin Bespasiyan murƙushe tawayen Yahudiya ne. Amma ka lura da zaɓin kalma. Tarajan ya rubuta wa Dashiya CAP, an kama ta da yaƙi, a hoton kuma ga fursuna a kan tulin makamai. Ƙasar Nabatawa, a yankin Jodan ta yau, da ya haɗe a 106 kuwa ARAB ADQ aka rubuta mata, an same ta, kuma matar da ke wakiltarta a tsaye take da raƙumi a gefenta, ba a ɗaure ba. Wasu wuraren da Hadiriyan ya ziyarta ma a kishingiɗe suke cikin natsuwa: AFRICA da hular kan giwa da kunama a hannu, NILVS, wato kogin Nilu, da dorina da kada. Tsayuwa, zama, durƙuso da ɗaurin hannu duk magana ce, ka rubuta su.

Wasu kuma sulhu ne aka yi wa rigar nasara. SIGNIS RECEPTIS na Agustus yana murnar dawo da tutocin da Fartiyawa suka ƙwace a yaƙin Karhe a 53 kafin Miladiyya, har da hoton Bafartiye a durƙushe, alhali ta hanyar tattaunawa aka karɓo su a shekara ta 20 kafin Miladiyya. Filib Balarabe ya buga PAX FVNDATA CVM PERSIS a 244, an kafa zaman lafiya da Farisawa, shi kuwa Sarki Shafur na ɗaya ya sa an sassaƙa a dutse cewa dinari 500,000 Filib ya biya shi.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi bukatar hankali: abin da sarki ya fi rashi shi aka fi ɗaga murya a kai. Narba ya cika kuɗinsa da hannu biyu a haɗe da CONCORDIA EXERCITVVM, haɗin kan rundunoni, a 97 kuwa dogaran fada suka yi masa bore, har ya ɗauki Tarajan, kwamandan soja, a matsayin ɗa. Oto ya buga PAX ORBIS TERRARVM, zaman lafiyar duniya duka, a mulkin wata uku da ya ƙare da yaƙi a Afrilun 69. Didiyus Juliyanus ya kira kansa RECTOR ORBIS, mai juya duniya, bai cika wata uku ba a 193. Balbinus da Pupiyenus, da majalisa ta naɗa tare a 238, sun buga AMOR MVTVVS AVGG, ƙaunar juna tsakanin sarakuna biyu, alhali ba sa ga maciji, kuma dogarai suka kashe su rana ɗaya.

Gargaɗi: kada ka mayar da wannan doka. Ba kowace CONCORDIA ce shaidar rikici ba, ba kowace SALVS ce shaidar sarki ya kwanta ciwo ba. Da yawa al'ada ce kawai ta gidan buga kuɗi, ana maimaita su shekara da shekaru. Sai ka samu wani abu a tarihin shekarar da ya tsaya wa fassararka kafin ka rubuta ta.

Ga misali daga farko zuwa ƙarshe. Tsaba mai giram 3.3, milimita 19. Fuska: M ANTONINVS AVG ARM PARTH MAX, mai gemu da kambun ganye, wato Markus Aureliyus. Baya: TR P XX IMP IIII COS III, shekara ta 166. Hoto: mai fukafukai riƙe da reshen dabino, ta ɗora garkuwa a kan bishiyar dabino, a jikin garkuwar an rubuta VIC PAR. Saƙon nasara ce a kan Fartiya. Tarihi kuma ya nuna Markus bai je wannan yaƙi ba, abokin mulkinsa Lushiyus Berus aka tura gabas, kwamanda Abidiyus Kasiyus ne ya ci birnin Tesifon. An buga wa Berus hoto iri ɗaya a shekarar, don a nuna nasarar ta sarakunan biyu ce daidai. Sunan kwamandan bai fito ba, annobar da sojojin suka dawo da ita ita ma ba ta fito ba.

6. Duba yawan nau'in da inda aka buga shi

Saƙon da aka buga miliyoyi daban yake da wanda aka buga kaɗan don wani biki. Denariyus na Agustus mai jikokinsa biyu, Gayus da Lushiyus, tsaye da garkuwa da mashi, C L CAESARES, an buga shi da yawan gaske a Lugdunum, Liyon ta Faransa a yau, daga shekara ta 2 kafin Miladiyya. Yawan nan ya nuna maganar gado ce ta fi damun Agustus. Samarin biyu sun riga shi mutuwa, a shekara ta 2 da ta 4 Miladiyya.

Hanyar gane yawa ita ce ƙirgen taskokin da aka tono. Wadda aka fi ambato ita ce ta Reka Debniya a Bulgeriya, da aka gano a 1929, inda aka lissafa tsabar azurfa sama da 81,000. Dillalai kan rubuta RD da lamba a bayanin kaya, wato guda nawa na wannan nau'in aka samu a cikinta.

Wurin bugu ma yana canza ma'ana. Kuɗin Seberus na farko da aka buga a Siriya, a Emesa da Lawudikiya, haruffansu ba su da tsari, har da kuskuren rubutu, domin na biyan sojojin da ke fagen daga ne. Kada ka ɗauke su jabu saboda muninsu.

7. Tabbatar a kundi

Shiga OCRE ka rubuta guntun rubutun baya da ka tabbatar da shi, da V a madadin U. Sai ka rage sakamakon da sunan sarki da nau'in tsabar. Gwada abu huɗu: rubutun fuska harafi da harafi, inda kan yake kallo da abin da ke kafaɗa, rubutun baya, abin da ke hannu. Harafi ɗaya kan canza lamba. Misalin da ke sama RIC III, Markus Aureliyus, lamba 163 ne. Rubuta juzu'i da sunan sarki tare da lambar, domin lambobin suna sake farawa. Juzu'i na biyu an sake fitar da sassansa da sababbin lambobi, don haka ga Bespasiyan, Domishiyan da Hadiriyan ka nuna tsohon bugu ne ko sabo.

Gargaɗi: idan fuska ta wani sarki ce, bayan kuma na wani, ko shekarun gefen biyu suka saɓa, kada ka yi murnar samun abin da ba a taɓa gani ba. Galibi jabu ne, na da ko na yanzu.

8. Jabu, saye da ajiya

Tsabar gaske da guduma aka buga ta tsakanin hatimi biyu, saboda haka za ka ga siraran layuka suna fita daga haruffa zuwa baki, da 'yan tsage-tsage masu zurfi a gefen. Wadda aka zuba a kwami tana da layin haɗi a baki ko alamar an goge shi da zarto, da ƙananan ramuka da ƙuraje a fili, hoton kuma ya yi laushi ko'ina. Idan maganaɗisu ya kama ta, magana ta ƙare, amma rashin kamawa ba shaidar komai ba ne. Tsabar da ta yi rashin nauyi sosai kuma jan ƙarfe ko kore ke leƙowa ta inda fatar ta ɓare jabun zamanin Rumawa ce, jan ƙarfe da aka lulluɓe da azurfa. Tana da darajar tarihi, amma kada ka kafa hujja da rubutunta.

Farashi yana motsi, amma denariyus na gidan Seberus ko antoniniyanus na Godiyan na uku mai kyan gani yakan kama daga dala 40 zuwa 100, na Tarajan da Hadiriyan ya ɗan fi haka, na Tiberiyus ɗaruruwa, na Oto da Didiyus Juliyanus kuwa daga ɗaruruwa masu yawa zuwa dubbai. A gwanjo ka ƙara wajen kashi 20 cikin ɗari na ladan gida, da kuɗin aikowa. Ka saya daga dillalin da ya rubuta cewa zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗi duk ranar da aka gano jabu ne, ka kuma nemi takardar inda tsabar ta fito. Ko tsabar zinariya ta Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Juliyus Kaisar, mai rubutun EID MAR na ranar kisan, da aka sayar a Landan a 2020 kan fam miliyan uku da wani abu, an mayar da ita Girka a 2023 saboda takardun asalinta na ƙarya ne. Masu zuwa Masar, Libiya, Tunisiya ko Turkiyya su sani cewa abin da ake tallatawa a bakin kangayen tarihi mafi yawansa jabu ne, na gaske kuma fita da shi laifi ne da ake kama mutum a kai a filin jirgi.

Kada ka wanke ta da toka, lemun tsami, man goge haƙori ko omo. Duhun da ke kwance tsakanin haruffa shi ke fito da rubutu, kuma masu saye suna biyan kuɗi a kansa. Idan akwai ƙasa a jiki, jiƙa ta a tataccen ruwa irin na batir wanda ba a sa wa asid ba, na kwana biyu ko uku, ka ɗauke ƙasar da tsinken sakace a hankali, ka shanya ta bushe sarai. Ajiye ta a ambulan ɗin takarda marar asid ko kwanson roba mai tauri. Leda mai laushi tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, robar ɗaure kuɗi kuma tana baƙanta azurfa. Da damina ka sa 'yan ƙunshin shan danshi a cikin akwatin, a jikin ambulan ɗin kuma ka rubuta nauyi, faɗi, rubutun gefe biyu, shekara, lambar RIC, da wurin da ka saya.